Kan Sarki na Gaske da na Jabu: Yadda Kimiyya ke Tantancewa

Gabatarwa

A gidaje da dama na 'Yargoje da sauran garuruwan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, akan sami tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe da magabata suka bari, cike da takardu: wasiƙun 'yan uwa da suka tafi fatauci Kurmi, rasiɗin ciniki, takardun yarjejeniyar gona, da makamantansu. Jikin yawancin waɗannan takardu akwai 'yar ƙaramar takarda mai launi da aka manna, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna kan sarki, saboda a zamanin Turawa hoton kan Sarkin Ingila ne ake bugawa a kai.

A yau tara kan sarki sana'a ce babba a duniya, kuma cinikinsa ya koma intanet, inda mai saye a Funtuwa zai iya taya kayan mai sayarwa a Landan ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Wannan sauƙi ya zo da hatsari, domin hoton da ake gani a fuskar waya ba ya nuna ko kan sarkin na gaske ne ko jabu. A wannan maƙala za mu duba abin da ke sa kan sarki ya yi daraja, da dabarun masu jabu, da hanyoyin kimiyya da masana ke bi su tona asirinsu, sa'an nan da amfani da iyakar takardar shaidar da suke bayarwa.

Taƙaitaccen Tarihi

Kan sarki na farko ya fara aiki a Ingila ranar 6 ga Mayu, 1840, bisa shawarar Rowland Hill. Baƙi ne, kuɗinsa kwabo ɗaya, ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya. Kafin wannan lokaci, galibi wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan kuɗin ɗauko ta. A 1874 ƙasashe suka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Ban na ƙasar Suwizalan, domin wasiƙa ta riƙa ƙetare iyaka da kan sarkin ƙasar da ta fito.

A nan gida, Turawa sun ayyana Arewacin Nijeriya a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashinsu ranar 1 ga Janairu, 1900, kuma a shekarar aka fitar da kan sarki iri tara masu sunan Arewa, daga na ɗari, wato rabin kwabo, har zuwa na sule goma. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su. A 1902 aka sake su da hoton Sarki Edward na Bakwai, daga baya kuma na Sarki Joji na Biyar. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka daina buga na Arewa ita kaɗai. Ke nan shekara 14 kacal aka yi ana fitar da su.

Bayan haka an sami jeri masu ban sha'awa. Na 1953 ya nuna mahayan Barno, gyaɗa, haƙar kuza da gadar Jebba. Na 1965 kuwa, wanda ya fi burge mai nazarin halittu, ya ƙunshi zakanya da 'ya'yanta, giwa, damisa, aku, gauraka, raƙumin dawa, dorina da ɓauna. Daga 1973 farashi ya koma na naira da kwabo.

Me ke Sa Kan Sarki Ya Yi Tsada?

Mutane da yawa na zaton tsufa shi ne daraja. Wannan kuskure ne. Baƙin kan sarkin 1840 an buga fiye da miliyan 68, kuma da yawa sun tsira, saboda haka wanda aka riga aka yi aiki da shi bai fi ƙarfin matsakaicin mai tarawa ba. Abubuwa uku ne ke yanke farashi: ƙarancin abin, lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa.

Misali mafi shahara shi ne wani kan sarki da aka buga a 1856 a ƙasar Gayana ta Kudancin Amurka, lokacin tana hannun Ingila. Ƙwaya ɗaya tak aka sani a duniya. Wani ɗan makaranta mai shekara 12 ne ya tsince shi cikin takardun danginsa a 1873, ya sayar da shi 'yan sulalla. A 2014 an yi gwanjonsa a Niyok kan kusan dala miliyan 9.5, a 2021 kuma aka sake sayar da shi kan dala miliyan 8.3. A lura da cewa farashin ya sauka. Wannan ciniki ba shi da tabbacin riba.

Arewacin Nijeriya ma na da nata gwarzon. A 1904 an fitar da kan sarki na fam 25, kore da ja, mai hoton Sarki Edward. Babu wasiƙar da ke bukatar wannan maƙudan kuɗi a wancan zamani. An fi yin aiki da shi wajen biyan kuɗaɗen hukuma. Kaɗan ne suka rage, kuma farashin na gaske mai lafiya ya kai dubun-dubatar fam. Duk inda ƙaramar takarda ta kai wannan daraja, to lalle masu jabu za su biyo.

Dabarun Masu Jabu

Jabu iri biyu ne. Na farko shi ne a ƙirƙiri kan sarkin gaba ɗaya: takarda, tawada da zane duk na ƙarya. Na biyu, wanda ya fi wuyar ganewa, shi ne a ɗauki na gaske mai araha a yi masa kwaskwarima ya koma kamar mai tsada.

Yadda De La Rue ke buga kan sarkin ƙasashen mulkin mallaka ya buɗe ƙofa ga iri na biyu. Sau biyu ake bugawa: da farko hoton sarki da kewayensa, wanda iri ɗaya ne ga ƙasashe da farashi da dama; sa'an nan a buga sunan ƙasa a sama da farashi a ƙasa, sau da yawa da wani launi dabam. Mai jabu zai iya samun na sule ɗaya, wanda shi ma jikinsa kore ne, ya goge rubutun da sinadari, ya buga sabon farashi da jar tawada. Takardar ta gaske ce, hoton na gaske ne, amma abin da ake sayarwa ƙarya ne.

Sauran dabarun sun haɗa da wanke alamar alƙalami daga wanda aka riga aka yi aiki da shi a rasit, domin ya zama kamar sabo. Shafa sabon danƙo a bayansa. Cike yagewa da ɓarɓashin takarda. Gyara haƙoran gefe. Da kuma buga hatimin gidan waya na ƙarya, musamman na ƙananan garuruwan da hatiminsu ke da wuyar samu.

Gwanin masu jabu a tarihi shi ne Jean de Sperati, haifaffen Italiya mazaunin Faransa, wanda ya rayu daga 1884 zuwa 1957. Ya kwaikwayi kan sarki fiye da iri 500. Yakan wanke zanen na gaske mai araha ya bar takardar da hatiminta, sa'an nan ya buga sabon zane ta hanyar hoto. A 1942 'yan kwastan na Faransa suka kama wani ƙunshi da ya aika Lisbon, aka tuhume shi da fitar da dukiya daga ƙasa. Mashahurin masanin binciken laifuka, Edmond Locard, ya duba ya ce na gaske ne. Sai da Sperati da kansa ya tsaya ya tabbatar wa kotu cewa aikin hannunsa ne. A 1954 wata ƙungiyar masu harkar kan sarki ta Ingila ta saye kayan aikinsa don a huta, ta kuma wallafa bayanin alamominsu. Darasin da ke nan shi ne, ko masani na iya kuskure idan ba shi da abin da zai gwada da shi.

Yadda Masana ke Bincike

Kan sarki abu huɗu ne a haɗe: takarda, tawada, danƙo da haƙora. Kowanne yana riƙe da shaida.

1. Takarda. Takarda zaruruwan tsiro ne da aka daka aka shimfiɗa suka bushe, kuma ginshiƙinsu sinadarin selulos ne, wanda ke gina bangon ƙwayoyin halittar tsirrai. A ƙarƙashin madubin ƙara girma na ɗakin gwaji, zaren auduga yakan bayyana a baje yana murɗewa kamar igiya, na itace kuwa gajere ne mai wata siffa dabam. Haka kuma, tun daga shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda wani sinadari mai ƙara mata fari. Idan aka haska ta da hasken ultrabayolet, wato hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, sai ta yi ƙyallin shuɗi. Kan sarkin da aka ce na 1904 ne, idan takardarsa ta yi irin wannan ƙyalli ko'ina, to magana ta ƙare. Wannan haske yakan kuma tona wurin da aka yi faci ko aka wanke tawada, domin yakan fita da wani launi dabam.

2. Tambarin cikin takarda. Yayin da takarda ke da danshi a masana'anta, akan bi ta kanta da wani gangan waya mai zane, sai wurin da zanen ya taɓa ya fi sauran sirantaka. Shi ne irin abin da ake gani idan an ɗaga takardar kuɗi sama ga haske. Masu nazarin tsofaffin littattafan malamanmu sun san wannan hanya, domin da tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya suke ƙiyasta zamanin rubuce-rubuce da yawa na ƙarni na 19. Kan sarkin Arewa na 1900 da 1902 suna ɗauke da kambi ɗaya da haruffan CA a kowace ƙwaya. Daga 1904 aka koma tambari mai kambi da haruffa da yawa a jere, kuma a kan irin wannan takarda aka buga na fam 25. Saboda haka idan an ga kambi ɗaya a jikin wanda aka ce na fam 25 ne, jabu ne. Amma a kula: ganin tambarin da ya dace bai isa hujja ba, tun da akwai na sule ɗaya da aka buga daga 1905 a kan takarda mai wannan tambari. Wannan ƙa'ida ce babba a kimiyya: gwaji ɗaya na iya rushe da'awa, amma tabbatar da ita sai an tara gwaje-gwaje da yawa da suka yi daidai da juna.

3. Tawada da shafen fuska. Hukumomi sun san da masu wanke hatimi, don haka aka riƙa amfani da tawada mai gudun ruwa, musamman kore da shunayya, wadda kan zuba ko ta kwashe da zarar an jiƙa ta. Daga wajejen 1905 kuma aka fara buga wasu a kan takarda mai shafen alli, wadda zanenta ke lalacewa idan aka goga. Shafe takarda da farin gari sana'a ce da har yau ake yi, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ake amfani da su shi ne farar ƙasa, irin wadda Allah ya albarkaci yankin Ƙanƙara da ita. A yau akwai na'urorin da ke haska tawada su faɗi sinadaran da ke cikinta ba tare da an kankare komai ba. Idan jar tawadar farashi ta ƙunshi sinadarin da ba a fara sarrafawa ba sai bayan shekaru, asiri ya tonu.

4. Danƙo. Danƙon da aka daɗe ana shafawa a bayan kan sarki ƙaro ne, wanda ke tsatsowa daga itacen ɗakwara, mai suna Senegalia senegal a kimiyyance, a da kuma Acacia senegal. Shi ne dai ƙaron da almajirai ke sa wa tawada, wanda ake samu da yawa a Barno, Yobe da Jigawa. A masana'anta ana shafa danƙo tun takardar na faifai guda, kafin a huda ta a yayyaga. Don haka bakin haƙoran na asali yakan kasance da sili-silin zare masu laushi, marasa danƙo. Wanda aka shafa wa sabo kuwa, danƙon yakan kwarara ya daskarar da waɗannan zaruruwa, su yi tauri da sheƙi. Gilashin ƙara girma mai ninki goma ya isa ya nuna haka.

5. Haƙora. An fara huda tsakanin kan sarki a Ingila a 1854; kafin nan da almakashi ake yanka su. Ana auna haƙora da ƙidaya yawansu cikin santimita 2, hanyar da wani likitan Faransa, Jacques Legrand, ya fito da ita a 1866. Na Arewacin Nijeriya 14 ne. Idan gefe ɗaya ya saɓa, ko ramukansa sun fi sauran kaifi da tsabta, ana zargin an sake huda shi.

Bayan duk waɗannan akwai gwaji mafi muhimmanci, wato jerawa da na gaske. Mai nazarin tsirrai ba ya raɗa wa ganye suna da ka. Yakan kai shi ma'adanar busassun tsirrai ya gwada da samfurin asali da aka ajiye. Haka masanin kan sarki yake ajiye wanda ake bincike kusa da wanda aka tabbatar, da kuma sanannun jabu, ya bi layi-layi da ɗigo-ɗigo. Abin da ya fifita kwamitin masana a kan mutum ɗaya mai kaifin ido shi ne wannan taska ta abin gwadawa.

Takardar Shaida

Tsohuwar ƙungiyar masu tara kan sarki ta Landan, Royal Philatelic Society, wadda aka kafa a 1869, ta naɗa kwamitin masananta a 1894, kuma har yanzu yana aiki. A Amurka akwai Philatelic Foundation da aka kafa a Niyok a 1945. Ana aika musu kan sarkin kansa, a biya lada, su bincika su mayar da shi tare da takarda mai lamba, kwanan wata, hoton abin da aka duba, da hukuncinsu: na gaske ne ko jabu, an yi masa gyara ko ba a yi ba, danƙonsa na asali ne ko sabo.

Amfanin wannan takarda a fili yake. Masu binciken ba su da riba a cinikin, saboda haka maganarsu ta fi ta dillali nauyi. Tana kare mai saye, tana kuma taimakon mai sayarwa na kirki, domin kaya mai shaida ya fi saurin shiga da farashi mai kyau.

Sai dai tana da iyaka. Ra'ayin masana ce bisa hujjar da ke gabansu a ranar, kuma an sha sake hukunci bayan an sami sabuwar na'ura ko sabon bayani. Tsohuwar takarda ba ta faɗin abin da ya sami kan sarkin bayan an rubuta ta. Ita kanta ana yin jabunta, ko a haɗa ta gaske da wani kan sarki dabam. Kuma ba ta da amfani ga kaya mai araha, wanda ladan bincikensa ya fi kuɗinsa.

Shawarwari ga Mai Saye ta Intanet

Hoto ba ya nuna kaurin takarda, ba ya nuna danƙo sosai, launinsa kuma yana sauyawa daga waya zuwa waya, ban da cewa ana iya gyara shi da kwamfuta ko a sato na wani. Wanda zai sayi sa a kara ba ya biya sai ya buɗe baki ya ga haƙora, ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. Mai saye a eBay ko wurin gwanjo na intanet ba shi da wannan dama, don haka ya kiyaye waɗannan:

Ya nemi hoton gaba da baya masu girma. Ya gwada hoton da ke jikin takardar shaida da na kayan, haƙori bayan haƙori, domin da wuya a sami ƙwaya biyu da yagewar gefensu ta zo ɗaya. Ya tuntuɓi ƙungiyar da ta ba da takardar ya tabbatar da lambarta. Idan babu shaida kuma kuɗin da yawa, ya gindaya sharaɗi a rubuce cewa za a kai wa masana, in ya fito jabu a mayar masa da kuɗinsa. Manyan gidajen gwanjo sun saba da wannan sharaɗi. Ya guji mai gaggauta shi, da mai neman a kammala ciniki a ɓoye. Idan kuma ya ga na fam 25 ana neman kuɗin buhun masara a kansa, ya tuna cewa araha ba ta ado.

Adana Abin da ke Gida

Gaskiyar magana ita ce, mafi yawan kan sarkin da ke cikin adakokinmu an buga su miliyoyi, ba za su kawo wata dukiya ba. Darajarsu ta tarihi ce, kuma wannan daraja tana ga ambulan cikakkiya: hatimin Katsina, Zariya ko Funtuwa, kwanan wata, da hanyar da wasiƙar ta bi. Kada a ɓamɓare kan sarki daga ambulan, kada a jiƙa shi, kada a manna shi da salatif.

Maƙiyansa halittu ne. Gara na cin selulos, kyankyaso na lasar danƙo, hunhuna kuma kan tsiro da laimar damina ta bar jajayen ɗigo a jikin takarda. Rana tana kashe launi, hunturu kan sa danƙo ya tsattsage takardar ta nannaɗe. A ajiye takardu a busasshen wuri mai inuwa, sama da ƙasa, nesa da bango, a riƙa dubawa lokaci-lokaci. A ɗauki kan sarki da hantsaki mai faffaɗan baki, domin gumi da maiƙon yatsa na ɓata shi.

Aiki a Aji

Malami na iya sa ɗalibai su kawo tsofaffin ambulan marasa muhimmanci, da izinin iyaye, su yi waɗannan:

(a) Su ƙidaya haƙora cikin santimita 2 da rula, kowane rukuni sau uku, a gwada sakamako a tattauna dalilin saɓani.

(b) Su yagi takardar jarida, ta littafin rubutu da ƙyallen auduga, su jiƙa zaruruwan a kan gilashi, su duba a madubin ɗakin gwaji su zana abin da suka gani.

(c) Su narkar da ƙaro su shafa a takarda biyu, ɗaya kafin a yaga ta, ɗaya bayan an yaga, su duba bakin kowace da gilashin ƙara girma.

(d) Su jera dabbobin kan sarkin 1965 bisa rukuninsu, su tambayi dattawa waɗanne ne aka taɓa gani a dajin Rugu ko dazuzzukan da ke kusa da su, waɗanne suka ɓace.

Kammalawa

Binciken kan sarki ƙaramin misali ne na yadda kimiyya ke aiki: a saurari da'awa, a nemi hujjar da za ta iya rushe ta, a auna, a gwada da abin da aka tabbatar, a rubuta hukunci, a kuma yarda a sake shi idan sabuwar hujja ta zo. Takardar shaida tana da daraja ne gwargwadon binciken da ke bayanta. Ɗalibin da ya saba tambayar wane ne ya duba, da me ya duba, kuma ta yaya za a tabbatar, zai amfana da wannan ɗabi'a ranar da zai sayi irin shuka, takin zamani ko maganin ɗansa, inda jabu ke cin abin da ya fi kuɗi.